Ku Tona Cikin Ɓauren

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwiwa ya san gindin ɓaure, ko da bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ana samunsa a bakin fadama, ana samunsa a gefen rafin da ke ƙafewa da rani, wani lokaci ma a tsakiyar gona, inda kakan wani ya ce a bar shi saboda inuwa. In ya yi 'ya'ya, jemagu su ci na dare, tsuntsaye su ci na rana, abin da ya zubo awaki su tsince, ragowar ya ruɓe ƙudaje su taru. Yara kan jefo su sha, su ma sai in magarya da kanya sun yi wuya. Da wuya a ga an kasa shi a kasuwa kamar yadda ake kasa ɗinya ko goruba.

Da ku nake, samari da 'yan matan Gwiwa da Korayel da Buntusu da Dabi, har da 'yan'uwanku na Roni da Kazaure da Ɓaɓura, musamman waɗanda suka gama makaranta suna zaune, da amaren da ke neman sana'ar cikin gida. Akwai hanyar da wannan abin da muke bar wa dabbobi zai zama abin sha mai sanyaya rai, wanda zai yi makonni a kwalba bai lalace ba. Ana jiƙa shi ne a cikin khal, a tace, a dafa da sukari, ya zama maɗi mai zaƙi da tsami, sai a riƙa ɗiban kaɗan ana sirkawa da ruwan sanyi. Ba zan yi muku alkawarin arziki ba. Abin da na sani shi ne aikin ba ya cin jari mai yawa, kuma hannun da ya iya shi ya iya wasu ayyuka goma masu kama da shi.

Hausawa na cewa wanda ya tona cikin ɓaure ba ya sha. Maganar gaskiya ce a wurin da aka yi ta domin shi, wato zaman aure da zaman maƙwabtaka, inda yawan bincike ke raba mutane. Amma wanda zai haɗa abin da wani zai zuba a cikinsa ba shi da wannan rangwamen. Shi dole ya tona, ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ke ciki. Mai gaggawa da mai ƙyanƙyami duk a nan suke faɗuwa, shi ya sa na fara da nan.

Me ke cikin ɓauren da ya sa ake gudun buɗe shi? Kun taɓa ganin furen ɓaure? Ba wanda ya taɓa gani daga waje, domin abin da muke kira ɗan ɓaure shi kansa jakar furanni ce, ɗaruruwan ƙananan furanni jere a bangon ciki, ƙofarsu ɗaya, wannan 'yar hudar da ke ƙasansa. Iska ba ta shiga ta yi musu barbara, kudan zuma ma ba ya iya shiga. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin rina, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, Allah ya ɗora wa aikin. Macen takan kutsa ta hudar nan ɗauke da ƙurar furen wani ɓauren, sau da yawa fukafukanta su karye wajen shiga, ta yi ƙwai a cikin wasu furannin, ta yi wa sauran barbara, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta su ƙyanƙyashe a nan. Mazan ba su da fiffike, aikinsu su sadu da matan, su huda musu hanyar fita, su ma su mutu a ciki. Matan su fice da sabuwar ƙura su nemi wata bishiyar. Sai bayan sun fita ne ɗan ɓauren ke yin laushi, ya yi ja, ya yi zaƙi. Kusan kowane irin itace na wannan dangi, da durumi da gamji da ceɗiya, yana da nasa ƙwaron da ba ya yi wa wani aiki. Saboda haka baƙin ɗigon da kuke gani a ciki yawanci ragowar waɗannan ma'aikata ne, ba guba ba ne. Abin gudu shi ne wanda ya zo daga baya: tsutsar ƙuda, da tururuwa, da fumfuna.

A Masar, inda irin ɓaurenmu ya daɗe tun zamanin Fir'auna har ana sassaƙa akwatin gawa da katakonsa, wannan ƙwaro ba ya nan. Manoma suka gano cewa in an tsaga ɗanyen ɗan da wuƙa yana kan bishiya, cikin 'yan kwanaki zai kumbura ya nuna. Haka suka riƙa bin bishiyoyi suna tsagawa ɗaya-ɗaya, shekara da shekaru. Mu namu yana nuna da kansa, ba mu tsaga ba, ba mu yi ban-ruwa ba, kuma ba mu tsinka ba.

Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi suna, wato tin, wanda Allah ya yi rantsuwa da shi tare da zaitun a farkon sura ta 95, malamanmu kuma kan fassara shi da ɓaure. Shi ne busasshen da alhazai ke zuwa da shi tsaraba, ake kuma sayarwa a shagunan magungunan Musulunci a Kano. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Masar da Maroko da Aljeriya na cikin manyan masu bi mata. Ya fi namu zaƙi da nama, wannan ba gardama. Namu yana da ƙarancin ruwa, zaƙinsa na da sanyi, ƙamshinsa ba ya tashi da ƙarfi. Kada wani ya ruɗe ku cewa ɗaya suke. Sai dai tin da tsada ake sayensa, namu kuwa ladan hawa kawai, kuma a cikin khal da citta da kanumfari bambancin yana raguwa sosai.

Haɗa zaƙi da khal a sha ba sabon abu ba ne, kuma ba daga Turai ya faro ba, ko da yake yanzu a wayoyinku 'yan Amurka kuke gani suna yi. Likitocin Girka na dā, tun daga Abuƙarat, suna ba marasa lafiya haɗin zuma da khal. Mutanen Farisa suka kira nasu sikanjabin, sunan ya shiga littattafan likitancin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya yi bayaninsa a cikin Alƙanun fiɗ Ɗibbi, kuma an sami yadda ake haɗa shi a wani littafin girki na Andalus na ƙarni na 13. Har gobe a Iran ana dafa shi da na'a-na'a, a sirka da ruwa a goga kokwamba a ciki lokacin zafi. Manoman Ingila da na Amurka, kafin zuwan firiji, da khal suke riƙe 'ya'yan itacen da suka yi musu yawa, su sha ruwan a gona. Duk waɗannan mutane matsalarsu irin tamu ce: zafi, da amfanin da ke zuwa gaba ɗaya ya wuce gaba ɗaya, da rashin wurin sanyi.

Mu ma harshenmu ya san wannan ɗanɗano. Wanda ya tashi da kunun tsamiya da zoɓo da fura da tsamin nono ba sai an koya masa daɗin zaƙi da tsami a haɗe ba. Kakanninku mata sun iya tatsar maɗi daga ɗinya su dafa shi har ya zama alewa. Abin da khal ya ƙara kawai shi ne daɗewa. Zoɓon da aka haɗa da safe a watan Afrilu, in ba ƙanƙara, kafin gobe ya fara sauyawa. Maɗin khal yana jira.

Dalilin jiran nan ya kamata ku fahimce shi, don wanda ya san dalili ba ya rage awo. Masana suna auna tsami da wani ma'auni da suke kira pH, lambar tana yin ƙasa tsamin yana ƙaruwa. Ƙwayar cuta mafi haɗari a abincin da aka rufe a kwalba, wadda gubarta ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi, ba ta iya tsiro in lambar ta gaza 4.6. Lemon tsami da tsamiya suna can ƙasa da wannan iyaka. Ɓaure kuwa yana samanta, wato ba shi da tsamin da zai kare kansa, shi ya sa ko a ƙasashen da suka ƙware wajen adana abinci a kwalba sai sun zuba masa ruwan lemon tsami. Khal na kanti yawanci kashi 5 cikin 100 na asid ne, kuma da wannan ƙarfin ne yake jawo ɓauren ƙasa da iyakar. Sukari kuma yana riƙe ruwan da ƙwayoyin cuta ke buƙata. To, in kika ce khal ya yi tsada bari ki ƙara ruwa, kin rage wa mai gadi ƙarfi ke nan, ido kuma ba zai nuna miki ba. Ku duba jikin kwalbar kafin ku biya. In ba a rubuta kashi 5 ba, ko babu lambar NAFDAC, ko an ɗura shi a gorar da ba ta da suna, ku bar shi. Farin khal ya fi araha, tsaminsa kaifi ne da shi. Khal ɗin tuffa ya fi laushi a harshe, ya fi dacewa da ɓaure, sai dai kuɗinsa. Ana samun duka biyun a manyan kantuna, masu sari kuma kan nufi kasuwar Singa ko Sabon Gari a Kano.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, don an saba jin cewa khal daga giya yake. Ga yadda abin yake. Ruwan zaƙi in an bar shi, yis yana cinye sukarin ya mai da shi barasa. In iska na shiga, wasu ƙananan halittu dabam su cinye barasar su mai da ita asid. Wannan mataki na biyu shi ne khal, kuma Louis Pasteur na Faransa ne ya bayyana yadda yake faruwa a wajejen 1864. A ɓangaren addini, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi mahaɗin abinci a gidansa, aka ce ba komai sai khal, ya ci da shi ya kuma yabe shi. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, sun yi saɓani a kan wadda mutum ya juya da gangan. Shawarata gare ku mai sauƙi ce: ku sayi khal da aka gama, kada ku ce za ku haɗa naku a ɗaki. Wanda ya ajiye ruwan zaƙi yana jiran ya zama khal, akwai kwanakin da abin da ke bayan gadonsa giya ne, ko ya so ko bai so ba. Mai son ƙarin bayani ya je wurin malaminsa.

Wannan dalilin ne ya sa ban yarda da hanyar da kuka fi gani a bidiyo ba, inda ake cakuɗa 'ya'yan itace da sukari a bar su kwana biyu su yi ruwa, sannan a zuba khal. Masu yin haka a firiji suke ajiyewa, wutarsu ba ta ɗaukewa. A Gwiwa da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɓaure da sukari ba sa kwana biyu ba su fara kumfa ba. Ko jiƙon dabino da zabibi da ake yi wa Manzon Allah, hadisi ya nuna ba ya wuce kwana uku yana sha. Mu khal za mu fara zubawa, sukari ya zo daga baya. Ta haka ɓauren yana cikin tsami tun daga sa'ar farko, yis bai sami wurin zama ba.

Ku tsinko daga bishiya da sassafe, kada ku tsinci na ƙasa. Wanda ya faɗi ya fashe, ya haɗu da kashin dabbobi da na jemage, ƙuda ya riga ku. Ku zaɓi wanda ya yi ja ko ruwan ɗorawa, ya yi laushi amma bai narke ba. Farin ruwan da ke fita daga hancinsa yana sa wa wasu ƙaiƙayi, kada a kai hannu ido. A wanke da ruwa mai tsabta, a yanke hancin, a tsaga kowanne biyu. Nan ne aikin yake, kuma ba a ba wa ƙaramin yaro shi. A duba. Mai tsutsa a jefar. Mai baƙi-baƙi ko fari-fari na fumfuna a jefar da shi gaba ɗaya, kada a yanke gefen a ce sauran lafiya. Mai warin tsami ya riga ya fara tafiya, shi ma a jefar. Wanda ya rage a kankare cikinsa da bakin cokali in ƙwarin sun yi yawa, a jiƙa shi minti goma a ruwan gishiri kaɗan, abin da ya ɓuya zai taso. A ɗauraye, a baza a faifai mai tsabta a inuwa ya tsane. Kada ku yi mamaki in rabin abin da kuka tsinko ya tafi wurin awaki. Haka ɓaure yake, kuma wanda ya ji zafin zubarwa ya mayar da mai shakka cikin kwano, kwalbar gaba ɗaya zai zubar nan da mako guda. Mai amfani da busasshen tin shi ma ya buɗe kowanne, don fumfunar da ke kama busasshen tin tana iya barin guba irin wadda ke cikin ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wadda ke lalata hanta, tafasa kuma ba ta kashe ta.

Awon ba wuya: kilo ɗaya na gyararren ɓaure, lita ɗaya ta khal, kilo ɗaya na sukari. Wanda ba shi da sikeli ya ari na mai shago sau ɗaya, ya ga inda kilo ke tsayawa a kwanonsa, ya yi alama. Ku fara da rubu'in wannan, don in an yi kuskure asarar ta zo da sauƙi. A daddaga ɓauren kaɗan da muciya, a zuba a kwalba mai faɗin baki, irin ta Bama, wadda aka wanke aka tafasa minti goma ta bushe. A ɗumama khal har ya fara tururi, kada ya tafasa. A bari ya ɗan huce kada kwalbar ta fashe, a zuba har ya rufe ɓauren ruf. Duk abin da ya leƙo sama da khal fumfuna za ta kama shi, don haka a danna shi ƙasa da cokali mai tsabta kullum. A jefa ɗanyar citta kamar tsawon yatsa, da kanumfari huɗu ko biyar. Kanumfari kada ya wuce haka, yana da mulki, in ya yi yawa ba a jin kowa sai shi. Masoro ko kimba kaɗan ba laifi ga mai so. In murfin na ƙarfe ne a sa farar leda a tsakani, don khal na cin ƙarfe. A ajiye a inda ya fi sanyi a ɗaki, nesa da rana, kwana uku zuwa biyar.

Ranar tacewa a shimfiɗa farin ƙyalle da aka tafasa a kan rariya, a juye, a bari ya ɗiga, sannan a matse a hankali. A zuba ruwan a tukunya tare da sukarin, wuta kaɗan, ana juyawa har ya narke, ya yi tafasa ɗaya ta minti biyu ko uku, a kwashe kumfar, a sauke. A ɗura a kwalaben gilashi da aka tafasa, a rufe, a rubuta ranar a jiki. Ranar farko tsaminsa zai bugi hanci, kada ku karaya. Bayan kamar mako guda khal da sukari sun saba da juna, ɓauren ya fito. Mazarƙwaila tana iya maye gurbin rabin sukarin, tana ba shi duhu da ƙamshi mai daɗi, sai dai a narka ta a tace saboda yashi. Zuma ma tana yi, ita ce ma ta asali, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Tukunyar da za a dafa shi magana ce mai zaman kanta. Kada ku kusanci tukunyar alminiyum irin wadda maƙera ke zubawa daga narkakken tarkace. Ba a san me da me aka narka ba, akwai kayan injin mota, akwai abin da ke ɗauke da dalma. A 2014 an buga wani bincike a kan irin waɗannan tukwane na ƙasar Kamaru, kuma da ruwan khal aka gwada su, aka ga dalma tana fita ta shiga ruwan. Mu a Arewa ba sai an gaya mana abin da dalma ke yi wa yara ba, mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Ku nemi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko samira wadda fentin cikinta bai ɓare ba. Muciya ta itace. Mazubi na gilashi.

In akwai firiji mai wuta, zai yi wata biyu ko uku. In babu, a jingina kwalbar da gindin randa, a yi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin mako biyu ko uku. Ba a tsoma cokalin da aka lasa, tsiyayawa ake yi. Kwalbar da ta yi tsit da iska in an buɗe, ko ta yi kumfa, ko ta yi gashi a sama, ko warinta ya sauya, zubarwa ake yi ba ɗanɗanawa ba.

Wajen sha, cokali biyu na cin abinci sun isa kofi guda na ruwan sanyi, wato kashi ɗaya na maɗi, bakwai na ruwa. Da azumi yana da daɗi ƙwarai, amma a fara da dabino da ruwa da ɗan kunu, kada tsami ya faɗa cikin da ya wuni babu komai. Ba a shan sa tsagwaronsa, yana ƙona maƙogwaro, yana cin haƙori. Bayan an sha a kurkure baki da ruwa. Mai gyambon ciki da mai yawan ƙwannafi su haƙura.

Yanzu ga inda nake tsoron a rasa ku. Da zarar mutane sun ji khal da tin a wuri ɗaya, za su fara tambaya ko yana maganin suga, ko yana rage ƙiba, ko yana wanke ƙoda, ko yana ƙara wa maigida ƙarfi. In kuka ce e, kasuwa za ta buɗe nan take, kun kuwa san haka, don kuna jin masu lasifika a tasha. Kada ku ce. Ku yi lissafi da kanku. Kilo ɗaya na sukari a cikin kamar lita ɗaya da rabi na maɗi, cokali biyun nan suna ɗauke da kusan giram 20. Gorar rabin lita da aka sirka ta kusa giram 40. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga babban mutum ya kama wajen giram 50. Kun ga gora ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Wannan abin sha ne na marmari, ɗan'uwan lemon kwalba ne ta wajen zaƙi, sai dai kun san abin da ke cikinsa. Tsohuwar da ke fama da ciwon suga, in ta saya a hannunku saboda kun ce magani ne, ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti, alhakin ƙafarta yana wuyanku. Yabon da Annabi ya yi wa khal a matsayin mahaɗin abinci ya yi shi, kada ku ɗora masa abin da bai faɗa ba don ku sayar da gora. Wanda ke son rage zaƙi ya sa giram 750, ya san kuma cewa ya rage kwanakin ajiya.

Ga mai niyyar sana'a, lita ɗaya ta maɗi tana ba da lita takwas na abin sha, gora 16 ke nan ta rabin lita. Ku zauna da biro ku haɗa kuɗin khal da sukari da citta da itace da gora da ƙanƙara da kuɗin mota zuwa inda aka sayo, ku raba, kafin ku yanka farashi. Da yawa masu sana'ar gida suna mance kuɗin mota da na itace, su yi wata uku suna juya kuɗi, su waiwaya ba uwa ba riba. Kada ku yi gasa da mai zoɓo a araha, ba za ku iya ba, khal ya fi zoɓo tsada nesa. Ku nemi inda ake son abin da ba a saba gani ba: walimar saukar karatu, kamun amarya, buɗa-baki, ma'aikatan sakatariya, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Kuma ku tuna cewa da zarar an sirka, kariyar ta ragu, ya koma kamar kowane abin sha, a ranar za a shanye. Ruwan sirkin ya zama tafasasshe ko na famfon burtsatse mai tsabta, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Gorar da aka tsinto a bola ko a bakin asibiti ba ta shiga wannan sana'a, ko an wanke. In abin ya bunƙasa har kuna son manna suna ku kai kantuna, sai an bi ta NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993 domin irin wannan. Ku riƙe littafi: ranar tsinka, wace bishiya, awo, kwana nawa, yadda ya fito. Bishiyoyin ɓaure ba ɗaya suke ba, wata tana da zaƙi wata lami, littafin ne zai nuna muku wadda za ku koma.

Bishiyar kuma tana da mai ita. Ta cikin gona ta mai gona ce, a yi sallama a nemi izini, in an haɗa a kai masa kwalba. Kada a sare reshe don a huta da hawa. Masu gawayi da masu sassabe sun riga sun rage manyan itatuwan yankinmu, har Jigawa tana cikin jihohi 11 da ake dasa shingen itatuwa don tare hamada. Ɓaure yana da sauƙin kai, reshe mai kaurin hannu in an dasa shi a wuri mai laima da farkon damina yakan kama, sai a kewaye shi da ƙaya.

Ɓaure ba ya samuwa kullum, amma khal da sukari da awon suna nan, sai ku juya ga abin da lokaci ya kawo. Mangwaro da bazara, lokacin da yake zuba har ana takawa, yana yin maɗi mai kyau, da ɗan barkono ma. Gwaiba tana da ƙamshin da ya fi na ɓaure tashi. Kanya da magarya da ɗinya suna yi, sai dai namansu kaɗan ne, a ƙara musu kwana a cikin khal. Goruba a kankare garinta a jiƙa, tana son citta da yawa. Kankana ruwa ce zalla, tana tsinka khal ɗin, ba ta ajiyuwa. Tsamiya da zoɓo kam ku bar su yadda iyayenku ke yi, tsaminsu ya ishe su, zuba musu khal ɓarnar kuɗi ce.